Shekara ta ƙare, ɗana ya zo na goma sha bakwai

Wasiƙun da suka shigo wannan watan kusan duk maganar ƙarshen shekarar karatu ce. Na zaɓi uku. Ta farkon za ta ci mana fili, don ita ce tambayar da iyaye suka fi yi mini tun ina riƙe da alli.

TAMBAYA: Malama, barka da aiki. Ina da yaro ɗan shekara tara, ya gama aji huɗu na firamare. Bara muka cire shi daga tsohuwar makarantarsa muka kai shi wata makarantar Kirista mai zaman kanta, don muna so ya haɗa karatu da tarbiyya. A can baya ba ya wuce na uku. Jiya ya kawo katin sakamako, ya zo na 17 cikin yara 26. Ran babansa ya ɓaci, ya ce an kwashe shekara ana waƙe-waƙe da haddar ayoyi, kuɗinmu ya tafi a banza, a mayar da shi inda ya fito. Ni kuma na ga yaron yana son makarantar, shi yake tashina da safe, har rigimarsa da ƙanwarsa ta ragu. Na rasa ta cewa. Ta yaya zan gane ko shekarar nan ta yi amfani? Daga wata uwa.

AMSA: 'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Ki ɗauki katin nan ki ajiye shi a ƙasan akwati na kwana biyu, ki kuma roƙi maigida ya dakata da yanke hukunci. Akwai abin da nake so ku duba tukuna, kuma yana nan cikin jakar yaron.

Bari mu fara da lambar da ta tayar da hankali. Matsayi a aji layi ne kawai, yana nuna wa ke gaban yaro da wa ke bayansa. Yaron da ya ci 60 cikin 100 zai iya zuwa na uku a ajin da yawancin yara suke yawo a kan 40. Shi ɗin dai, ya ƙara ƙoƙari ya ci 70, sai ya zo na 17 a ajin da rabin yaran suka haura 75. Kuma duk malamin da ya taɓa zama yana haɗa maki ya san yadda tsakiyar aji take cunkushewa. Sau da yawa tsakanin na goma da na goma sha bakwai 'yan maki ne da ba su taka kara sun karya ba. Don haka ki duba makin kowane darasi, ki duba matsakaicin makin ajin idan an rubuta, ki gwada zango na farko da na uku. Idan makinsa hawa yake yi, to ajin ne ya fi na da ƙarfi, kuma abin da kuka biya kuɗi domin shi ke nan.

Amma ni ko makin ma ban cika dogara da shi ba. Ki zazzage jakarsa, ki nemo littafin rubutun da ya fara da shi a makon farko, ki nemo na ƙarshe, ki shimfiɗa su gefe da gefe. Ki duba ko jimlolinsa sun yi tsawo. Ki duba ko akwai wurin da ya rubuta abu da kalmominsa, ko kuwa shafi bayan shafi kwafi ne daga allo. Sannan ki bi jan biro. Malamin da yake duba aiki da gaske za ki ga ya zagaye kuskure, yaro ya sake rubuta gyara a ƙasa, malamin ya dawo ya duba gyaran. Idan kika tarar da makonni uku ba a taɓa littafin ba, ko kika ga an buga alamar daidai a kan lissafin da ke da kanki kin ga kuskure ne, to nan ne maganar maigida za ta fara samun gindin zama. Bayan haka ki ba yaron wani rubutu da bai taɓa gani ba, gajeren labari daidai shekarunsa, ya karanta da ƙarfi, ki rufe, ya ba ki labarin da bakinsa. Ki ce masa fensir 50 za a raba wa yara 6, kowa nawa zai samu, nawa zai rage. Cikin rabin sa'a za ki san abin da katin bai faɗa miki ba.

Na nace a kan rubutun da bai taɓa gani ba saboda wani abu da ya same ni, wanda har yau idan na tuna sai kunya ta kama ni. A shekara ta huɗu da fara koyarwata ina riƙe da aji uku. Akwai wani yaro mai zama a layin gaba, duk ajin ba wanda ya kai shi haddar aya. Ka faɗi abu sau biyu ya ɗauke. Zango biyu yana cikin biyar na farko, ni kuma ina ta yabonsa a gaban iyayensa. Wata safiya a zango na uku, yarinyar da aka ba karatun sujadar safe ba ta zo ba, sai na miƙa masa Littafi Mai Tsarki nawa a buɗe a Zabura 23. Ya tsaya a gaban aji, ya ɗora ɗan yatsa a kan layi, ya fara da "Ubangiji makiyayina ne", murya tar, yatsa yana tafiya, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na matso don in karɓi littafin, sai na ga ashe iskar taga ta juya shafi tun kafin ya fara. Yatsansa a kan wata zabura dabam yake tafiya.

Ban ce komai ba a gaban yara. Da aka fita tara na kira shi, na rubuta sunansa a takarda, ya gane. Na rubuta "makiyayi", kalmar da ya gama furtawa da safe. Ya daɗe yana kallonta, ya ɗago ya kalle ni, sai hawaye. Wata takwas yaron nan yana gabana bai iya karatu ba, ni ban sani ba, domin duk jarrabawar da nake yi abin da muka maimaita ne a aji har ya zauna a kunne. Daga ranar muka koma kan haruffa da sautinsu, minti goma sha biyar kullum lokacin tara. Na kuma canza salon jarrabawata, na fara sa abin da ba a haddace ba. Ƙarshen zangon ya iya haɗa gajerun jimloli, yana yi yana tsayawa, amma da kansa. A katinsa kuwa ya faɗo daga na biyar zuwa can ƙasa. Babansa ya zo a fusace yana tambaya me na yi wa ɗansa. Zangon da ya faɗo ɗin shi ne zango na farko da ya koyi karatu a hannuna.

Kin ga ke nan labarin nan yana goyon bayanki, yana kuma goyon bayan maigida. Faɗuwa a matsayi ba lallai ne ta zama koma baya ba. Haddar aya kuma, komai kyanta, tana iya rufe rami babba. Mu malaman makarantun Kirista muna da wannan rauni, kuma gara mu faɗa da bakinmu: yaron da ya iya tsayawa ya zuba aya yana burge mu, yana burge iyaye ranar raba kyaututtuka, sai kowa ya tafi gida da murna ba wanda ya bincika.

To, batun cewa an kwashe shekara ana waƙa. Wannan abu ne da ake iya ƙirgawa, ba sai an yi musu ba. Ku nemi jadawalin darussa na ajin. A ce sujadar safe minti 20 ce, a ce kuma kwanakin makaranta 180 ne a shekara, sa'a 60 ke nan. Ku ƙara da darasin Littafi Mai Tsarki na mako. Sannan ku ƙirga sa'o'in lissafi da na karatu da rubutu. A makarantar da take da tsari za ku tarar waɗannan sun ninka na sujada nesa ba kusa ba. Inda ake samun ɓarna shi ne abin da ba ya cikin jadawali: sujadar minti 20 ta zama ta sa'a guda saboda baƙon mai wa'azi ya ji daɗin maganarsa, ko a kwashe mako uku ana gwajin wasan Kirsimeti ana cinye darasin farko, wanda kuma galibi lissafi ne. Yaronki zai gaya miki wannan idan kika tambaye shi a hankali. Na zauna a ƙarƙashin shugaban da yake ganin duk wanda ya yi ƙorafi a kan irin wannan bangaskiyarsa ce ta yi sanyi. Ban yarda da shi ba a lokacin, yanzu ma ban yarda ba.

Dalilina kuwa yana cikin tarihin makarantun nan kansu. A 1524 Martin Luther, jagoran gyaran ikkilisiya, ya rubuta wa majalisun biranen Jamus yana matsa musu su buɗe makarantu, na maza da na mata, kuma abin da ya so a koyar ya haɗa da harsuna, tarihi, kiɗa da lissafi. A Faransa, Jean-Baptiste de La Salle, wanda ya fara aikinsa a birnin Reims wajen 1680, ya sa aka koya wa 'ya'yan talakawa karatu da Faransanci, harshen da suke ji, maimakon a fara da Latin, ya kuma damu ƙwarai da horar da malaman kansu. Makarantar Lahadi ma da muka sani yau, lokacin da Robert Raikes ya fara tasa a Gloucester ta Ingila a 1780, yaran da suke wuni a masana'antu kwana shida ya tara, kuma karatu aka fara koya musu don su iya buɗe Littafin da kansu. Mutanen nan ba su ɗauki iya karatu a matsayin ƙari a kan ibada ba, a wurinsu sashe ne na aikin. Saboda haka makarantar da ta kafa sunan Almasihu a allon ƙofa amma yaro ya fita bai iya raba 50 gida 6 ba, ta ci amanar iyaye, ta kuma bar hanyar waɗanda suka fara. Maigida yana da cikakken iko ya tambaya, kuma tambayar ba rashin tsoron Allah ba ce.

Yanzu ɗaya ɓangaren, wanda kika ambata a jimla ɗaya kamar ba komai ba: shi yake tashinki da safe, kuma ya rage rigima da ƙanwarsa. 'Yar'uwa, kada ki raina wannan. Luka 2:52 ta faɗi yadda Yesu ya girma yana yaro, ta ambaci hikima, da girman jiki, da tagomashi wurin Allah, da tagomashi wurin mutane. Katin sakamako yanki ɗaya yake aunawa daga cikin huɗun nan, shi ma ba duka ba. Akwai dai layin da malami yake rubuta "hali", amma ni na cika irin wannan layi ɗaruruwa a daren ƙarshe, idona yana rufewa, kuma na san "yana da ladabi" sau da yawa ma'anarsa yaron ba ya damuna da surutu. Halin gaske a gida ake ganinsa. Idan ya fasa abu, yana zuwa ya faɗa ko sai an bincika? Idan ƙanwarsa ta ɓata masa littafi, hannu yake fara ɗagawa ko baki? Yana iya cewa "yi haƙuri" ba tare da an tsaya a kansa ba?

Ki kuma lura da tushen canjin, don yaro yana iya yin laushi saboda ya koyi kirki, yana kuma iya yin laushi saboda tsoro. Ba a gane wannan da tambayar "yaya makaranta", amsarta kullum "lafiya" ce. Ki tambaye shi da wa yake zama. Wa aka fi hukuntawa a ajinsu, kuma me ake yi masa. Idan yaro ya ba da amsar da ba daidai ba, me malama take cewa, su kuma yara suna dariya ko a'a. Malamai nawa suka riƙe ajinsu a shekarar nan. Wannan ta ƙarshen tana da nauyi fiye da yadda iyaye suke zato, domin ajin da ya ga malamai uku a shekara ɗaya kusan sau uku ya fara daga farko. Don Bosco, limamin Katolika da ya tara yaran titi a Turin ta Italiya a ƙarni na 19, ya gina tarbiyyarsa a kan abu uku: hankali, addini da nuna ƙauna, ya kuma guji duka. Yaron da ake tsoratarwa da wuta duk lokacin da ya manta aikin gida ba ya tashin uwarsa da safe don ɗokin makaranta. Naki yana yi, shi ya sa hankalina ya ɗan kwanta.

Ga ra'ayina, tunda kin tambaya. Idan kun duba littattafan kun ga ana bin aikinsa, ya karanta baƙon rubutu ya gane, makinsa bai zube ba, ku bar shi. Shekarar farko a sabuwar makaranta rabinta tana tafiya ne wajen koyon mutane da dokoki da salon malami. Ku sake ɗauke shi yanzu, sai ya sake biyan wannan harajin. Idan kuwa kun tarar littafi ba jan biro, yaro ba ya iya karatun abin da bai haddace ba, malamai suna ta canzawa, kuma kun nemi ganin shugaban makaranta an yi ta yi muku yawo da hankali, to kada sunan makarantar ya sa ku jin nauyin tafiya. Kafin ku yanke ko wanne, ku je ku biyu ku ga malamin ajin tun ba a watse hutu ba, da littattafan a hannu. Ku tambaye shi abu ɗaya da yaron ya fi rauni a kai. Malamin da ya san ɗanku zai amsa nan take, ya ce rabawa ce, ko haɗa harafi, ko gaggawa. Wanda ya ce "ai yana ƙoƙari, a dai ci gaba da addu'a" ya tsaya nan, bai san shi ba.

Sai hutu. Tun 1885 masanin nan na Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa abin da aka koya yana zubewa da sauri idan ba a waiwaye shi ba, kuma maimaitawa kaɗan kaɗan a rarrabe ta fi zama ɗaya mai tsawo. A 1996 Harris Cooper da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi a Amurka, inda dogon hutu yake kai kusan wata uku, suka ga yara suna komawa aji da asarar kimanin karatun wata guda, kuma lissafi ya fi shan wahala. Wannan ba dalili ba ne na cika wa yaro hutu da lesin daga safe zuwa yamma. Minti ashirin na karatu da ƙarfi, da 'yan tambayoyin lissafi biyar, sun isa. Idan baban ne zai zauna da shi ya fi, don shi ne mai shakka, gani kuwa ya kori ji. Dama Maimaitawar Shari'a 6:7 a wuyan iyaye ta rataya koyar da 'ya'ya, a zaune a gida da tafe a hanya. Makaranta taimako take yi.

Wani abu da na koya a makare, na so a ce na fara tun 'ya'yana suna ƙanana. A Joshuwa sura 4, da Isra'ilawa suka haye Urdun, an sa su ɗebo duwatsu goma sha biyu daga cikin kogin su kafa, domin wata rana 'ya'yansu su tambayi ma'anarsu. Ki riƙa ajiye littafin farko da na ƙarshe na kowace shekara, ki ɗaure su tare ki rubuta ajin a kai. Baɗi war haka, idan wata lamba ta sake tayar da ƙura a gidan, kina da abin da za ki ciro.

TAMBAYA: Mama, ni sabon malami ne, wannan ce shekarata ta farko a wata makarantar Kirista. Na shiga da zafi, ina ganin zan canza rayuwar yara. Shekara ta ƙare, na gaji liƙis, akwai yara uku da na yi iya yina a kansu amma kamar ban taɓa su ba. Ga albashi yana makara, idan muka yi magana sai a ce aikin Ubangiji ne, mu yi haƙuri. Ina tunanin ajiye aikin. Laifi ne? Daga wani matashin malami.

AMSA: Ɗana, matsala biyu ka haɗa a ƙulli ɗaya, bari in kwance su.

Ta albashi ba ta da wuyar amsa. Aikin Ubangiji ne, gaskiya, kuma Ubangijin nan shi ya ce ma'aikaci ya cancanci ladansa, yana nan a Luka 10:7, Bulus kuma ya maimaita a 1 Timoti 5:18. Yaƙub 5:4 ta fi zafi, ta ce hakkin ma'aikatan da aka danne yana kuka. Makaranta tana iya shiga matsi na gaske, musamman idan iyaye da yawa ba su biya a kan lokaci ba. Shugaban kirki a irin wannan hali yana tara malamai ya buɗe musu lissafi, ya faɗi ranar da zai biya, ya kuma fara jinkirta nasa kafin na kowa. Wanda yake jawo aya don ya rufe bakin mai neman hakkinsa, aya yake yi wa rashin kunya. Ku haɗu ku rubuta takarda cikin ladabi, ku nemi a sa ranar biya a rubuce kafin sabuwar shekara. Idan aka ƙi, ka nemi wani wuri da zuciya ɗaya, ba ka yi wa Allah tawaye ba.

Ta yaran uku kuwa, a nan zan ɗan ja maka kunne. Yara nawa ne a ajin naka? Idan talatin ne, ina labarin sauran ashirin da bakwai? Sabon malami yakan tafi hutu da fuskokin waɗanda suka gagare shi, ya manta da yarinyar da ta zo ba ta buɗe baki, ta ƙare shekara tana ɗaga hannu. Ni ma na yi haka. Kuma shekara ɗaya gajeruwa ce a rayuwar yaro. Bulus ya ce shi ya shuka, abokin aikinsa Afolos ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa girma. Mai yiwuwa kai ne mai shukar, malamin aji na gaba shi zai ga tsiro, har ya ɗauka aikinsa ne. Haka sana'ar take, mu ma mun girbi abin da wasu suka shuka ba mu gode musu ba.

Sai dai kada ka fake da wannan ka ƙi duba naka kuskuren. Kafin makon nan ya fita, tun abin yana sabo a kanka, ka sami takarda ka rubuta darussa uku da suka tafi daidai da dalili, da uku da suka watse da dalili. Ka rubuta a wane mako ne ajin ya fara fin ƙarfinka. Yawancinmu idan muka bincika sai mu ga tun makonni biyun farko ne, lokacin da muke neman yara su so mu, muka bar dokoki suka yi sako-sako. A kan yaran uku kuma, ka rubuta wa malamin da zai karɓe su abin da ka gwada da abin da ya ɗan yi aiki, ko da sau ɗaya ne. Ka bincika ko ɗayansu ba ya gani sosai daga inda yake zaune, ko ba ya ji da kyau. Na taɓa shan fama da wata yarinya zango biyu ina ce mata mai taurin kai, ashe allon ne ba ta gani. Shawarar barin koyarwa gaba ɗaya kuma, ka bari sai ka yi barcin mako biyu tukuna. Gajiyar ƙarshen shekara muguwar mai ba da shawara ce.

TAMBAYA: Malama, ni ba Kirista ba ne, amma 'yata tana wata makarantar Kirista saboda karatunsu yana da kyau. Shekarar nan ta yi ƙoƙari sosai, ba ni da ƙorafi a kan wannan. Abin da ya dame ni, tana rera waƙoƙin sujadarsu a gida. In bar ta ta ci gaba? Daga wani uba.

AMSA: Malam, na gode da ka yi tambayar a fili. Na koyar da yara da yawa irin 'yarka, kuma zan gaya maka gaskiya ta ɓangare biyu. Waƙa tana manne wa yaro saboda amo da maimaici, ko ta talla ce ko ta sujada, don haka rerawa kaɗai ba ta nuna abin da ke zuciyarta. Amma kuma makarantar ba za ta daina zama ta Kirista ba, kuma duk wanda ya ce maka yaro zai yi shekaru a wuri bai ɗauki komai na wurin ba, bai faɗa maka daidai ba.

Hukuncin naka ne. Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, a sashe na 26, ta ce iyaye ne suke da fifikon zaɓar irin ilimin da za a ba 'ya'yansu. Ka je ka zauna da shugaban makarantar kafin ka biya kuɗin sabon zango. Ka tambaya dalla dalla: mene ne dole, halartar sujada ko yin ta? Ana sa yaran da ba Kirista ba su ja addu'a? Darasin addini yana shiga makin da ake haɗa matsayi da shi? Akwai wurin da za ta yi tata ibadar idan lokaci ya yi? Ka nemi amsar a rubuce. Ita kuma yarinyar ka tambaye ta ko an taɓa yi mata ba'a ko matsin lamba a kan addininta, daga malami ko daga yara, kuma me aka yi da ta kai ƙara. Malamin da ya kunyata yaro saboda addinin gidansu ya yi laifi ko a ma'aunin bangaskiyar da yake taƙama da ita. Idan amsoshin sun kwanta maka, sai ka ƙara ƙarfin koyar da ita naku a gida. Idan an yi ta kewaye-kewaye, ka fara neman wata makarantar tun hutun bai yi nisa ba, ka kuma karɓi takardar shaidar ajin da ta gama kafin ofis ya rufe.